Wa'azi a kan Alherin Ɓoye Tsakanin Fagge da Sabon Gari

Wannan wa'azi ne da wani malami ɗan jam'iyyarmu ya yi a zauren karatu a Fagge bayan sallar lisha. An rubuta shi yadda ya faɗa, domin wanda bai halarta ba ya karanta, ya kuma karanta wa wanda bai iya ba.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Masanin ɓoye da bayyane, wanda ya ke arzuta tururuwa a cikin raminta ba wanda ya gani. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku malamai iyayena, Allah ya gafarta muku, ya ku gardawa 'yan'uwana, ya ku ƙolawa 'ya'yana, ku ba ni aron kunnuwanku. Abin da na ke so mu yi magana a kansa daren nan abu ne ƙarami ga ido, mai nauyi ga mizani, watau alherin da mutum ya ke yi wa maƙwabci ko baƙo ba tare da an san shi ya yi ba. Ban ɗauko wannan magana don na fi ku aikata ta ba. Na ɗauko ta don an yi mini irin wannan alheri na ga amfaninsa, na kuma taɓa saɓa masa na ga ɓarnar saɓawar. To, wanda ya ga biyun nan bai kamata ya yi shiru ba.

Fasali na farko, a kan asalin magana

Ku sani, Allah ya yi muku rahama, wannan al'amari tushensa yana cikin Littafi. Ku duba ƙarshen Baƙara, izu na 5 daga sama. Lambobin da zan faɗa bisa ƙirgen Hafsu ne, mai Warshu ya duba kusa da nan. A aya ta 271 Ubangiji ya yabi sadakar da aka bayyana, sa'an nan ya nuna mana wadda aka ɓoye aka kai wa matalauci ita ta fi alheri ga mai bayarwa. A aya ta 264 ya hana mu ɓata sadaka da gori da cutarwa. A aya ta 273 kuwa ya siffanta waɗansu mabukata da ba su naci a roƙo, har wanda bai san su ba ya kan zaci mawadata ne saboda kamun kansu. Ku lura da wannan siffa, domin irin waɗannan mutane ba a iya kai musu alheri a bainar jama'a; in ka miƙa musu a fili sai su ƙi karɓa, su koma gida su kwana da yunwa.

Cikin hadisi kuma, Imamu Maliku a Muwaɗɗa da Buhari da Muslimu duk sun kawo labarin mutum bakwai da Allah zai inuwantar ranar da babu inuwa sai tasa, ɗayansu shi ne mai ɓoye sadaka har hannunsa ɗaya bai san abin da ɗayan ya bayar ba. Muslimu kuma ya kawo labarin mutum uku da za a fara yi wa hukunci, jarumi da malami da mai kyauta, a kifa su cikin wuta don sun yi aikinsu ne domin a faɗa, an kuwa faɗa. Ya ku malamai, biyu daga cikin ukun nan suna kusa da mu ƙwarai. Allah ya tsare mu.

Magabata sun riƙe wannan da ƙarfi. An ruwaito Aliyu Zainul Abidina, jikan Sayyadina Aliyu, ya kan ɗauki buhun abinci a bayansa da dare ya zaga gidajen matalautan Madina. Ba su san mai kawowa ba sai da ya rasu abincin ya yanke, masu wankansa kuma suka ga tabon ɗaukar kaya a bayansa. Imamu Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505 ta Hijira, ya ambata a cikin Ihya'u yadda waɗansu su kan sa sadaka a hannun makaho, ko su ɗaura ta a rigar matalauci yana barci, ko su aika ta hannun wani su ce kada a faɗi sunansu. Ku ga yadda suka yi dabara wajen ɓoye alheri tamkar yadda ɓarawo ya ke dabara wajen ɓoye sata.

Fasali na biyu, a kan abin da ɓoyewa ta ke tsarewa

Ɓoyewa tana tsare abu biyu: zuciyar mai bayarwa da fuskar mai karɓa. Na farko kun sha jinsa, watau riya da son a ji da jiji da kai. Na biyun shi aka fi mantawa, shi kuwa zan tsaya a kai.

Wata shekara da hatsi ya yi tsada, Allah ya buɗa mini, wani ɗan kasuwa ya aiko mini da buhun gero biyu. Ina da maƙwabci dattijo, maɗinki ne, idonsa ya yi rauni aiki ya tsaya. Na ce bari in ba shi ɗaya. Niyyata ba mugunta ba ce, amma sai na bari har bayan la'asar, mutane suna zazzaune a ƙofar masallaci, na sa almajirai biyu suka kinkimi buhun, na ɗaga murya na ce, ku kai gidan Baba, ku ce in ji ni. Mutane suka yi ta sa mini albarka, na ji sanyi a raina. Baba ya zo da kansa ya durƙusa ya yi godiya, mutumin da ya haifi kamata. Daga ranar nan ya bar sahun farko inda mu ke haɗuwa, ya koma sallah a wani masallaci can gaba. In ya hango ni sai ya sake hanya. Na ba shi gero na karɓe masa sakewa. Geron ya ƙare cikin wata guda, amma nauyin da na ɗora masa bai sauka ba har Allah ya karɓi ransa. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Ina roƙon Allah gafara, ku ma ku roƙa mini.

Abin da na yi da murya a ƙofar masallaci, yau ana yinsa da wayar hannu a gaban duniya duka. A tara zawarawa da marayu cikin rana, a jera su, a miƙa wa kowace mudun shinkafa, a ce ta riƙe da kyau ta dubi mai ɗaukar hoto, kafin ta isa gida hotonta ya riga ta shiga Facebook. 'Yarta budurwa ta gani, surukanta sun gani, ɗanta a makaranta abokansa sun nuna masa. Ina tambayarku, wa ya ba wani a cikin wannan ciniki? Ita ta ba da fuskarta, shi ya ba da mudu. Wallahi fuskar ta fi mudun tsada. Wannan saye ne, ba sadaka ba.

Fasali na uku, a kan unguwannin nan namu biyu

Yanzu mu dawo gida. Allah ya ambaci haƙƙin maƙwabci a Suratun Nisa'i, aya ta 36, ya haɗa maƙwabci na kusa da maƙwabci na nesa da matafiyi cikin waɗanda ya umurce mu mu kyautata musu. Imamu Ƙurɗubi, malamin mazhabarmu, ya bayyana a tafsirinsa cewa wannan umurni ya game maƙwabci Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo cewa an yanka akuya a gidan Abdullahi ɗan Amru, ya yi ta tambaya ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude. Waɗansu magabata kuma sun ce maƙwabtaka gida 40 ce ta kowace fuska. To, ya kai mutumin Fagge, ƙirga gida 40, ƙirga shago 40 daga rumfarka, ka ga wa za ka taras.

Fagge tun asali masaukin baƙi ce. A nan bayan ganuwa ayarin raƙuma su ke sauka, Buzaye da sauran fatake. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu da waɗansu ƙasashe. Tun daga nan mu ke kafaɗa da kafaɗa, mu da Yarbawa da Ibo da Nufawa da sauransu, har yau ƙaramar hukuma ɗaya ta haɗa mu. Mai ɗinki na Fagge a can ya ke sayen kayan keke, mai shago na Sabon Gari a nan ya ke samun ɗan dako da mai ruwa. Da gobara ta tashi a kasuwar Sabon Gari cikin watan Maris na 2016 ta cinye shaguna dubbai, ba ta tambayi kowa salla ya ke yi ko coci ya ke zuwa ba.

Amma kada mu ɓoye wa yara gaskiya, tsakanin nan an zubar da jini. Daga 16 zuwa 19 ga watan Mayu na 1953, a farkon watan Azumi na 1372, faɗan siyasa ya juye ya zama faɗan unguwa tsakanin mutanen Birni da Fagge da mutanen Sabon Gari, hukuma ta ƙirga mutum 36 da suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni. An sake a 1966, abin ya fi muni. An sake a watan Oktoba na 1991, an sake a watan Mayu na 2004. Ku tambayi dattawa yadda irin wannan wuta ta ke ruruwa, za su ce muku da an ce. An ce an kashe wane, an ce an ƙone masallaci, an ce suna tafe. Wa ya ce? Ba a sani ba. Sharrin da ba a san mai shi ba, kowa a ke tuhuma da shi. In aka jefo dutse cikin gidanka da dare ba ka ga mai jifa ba, da safe duk wanda ya wuce sai ka harare shi.

To, ga abin da na zo in faɗa muku, ku riƙe shi ko da kun manta sauran. Yadda sharrin ɓoye ya ke sa a munana zato ga kowa, haka alherin ɓoye ya ke sa a kyautata zato ga kowa. Alherin da aka san mai shi, mutum ɗaya a ke gode wa. Alherin da ba a san mai shi ba, unguwa duka ta ke cin albarkacinsa.

Ba a littafi na karanta wannan ba, a kaina na gani. Iyalina ta yi doguwar jinya bayan haihuwa, na yi ta karɓar magani bashi a wani kanti a Sabon Gari, mai kantin mutumin Ibo ne, yana rubutawa a littafi. Bashin ya taru har na bar bi ta layin, in zan je kasuwa sai in yi zagaye. Wata rana na tattara abin da na samu, bai kai rabi ba, na je ina jin kunya. Ya buɗe littafi ya nuna mini an ja layi a kan sunana. Ya ce, Malam, an biya. Na ce wa ya biya? Ya yi dariya ya ce ya yi alkawari ba zai faɗa ba. Na ce to ko kai ne ka yafe? Ya ce, Malam, ka je ka duba mai jiki.

Na fito ban san inda zan kai godiyata ba. Na ga wani alhaji na Kwari da mu ke gaisawa, na ce ko shi ne. Na ga limaminmu, na ce ko shi ne. Na ga wani Bayarabe makaniki da ya taɓa ganina ina fitowa daga kantin, na ce ko shi ne. Akwai wani malami da mu ke ƙullace da juna a kan wata mas'ala shekara biyu ba ma magana, ranar nan na tsaya na yi masa sallama, don zuciyata ta ce, ina ka sani ko shi ne? Har yau ban san mai biyan ba. Mutum ɗaya ya biya, amma ya sa na ga unguwa biyu da idon rahama, kuma ba ni iya jin an zagi mutanen Sabon Gari a dunƙule in yi shiru, don watakila wanda ya rufa mini asiri yana cikinsu. Da ya bayyana kansa, da na zama bawan godiyarsa shi kaɗai, ina sunkuyar da kai in na gan shi kamar yadda Baba maɗinki ya yi mini. Da ya ɓoye, sai ya bar ni da 'yancina, ya kuma bar ni da bashin da ba ni iya biya sai ga wani mabukaci.

Fasali na huɗu, a kan hanyoyin aikatawa

Wani zai ce, Allah gafarta malam, wannan aikin masu kuɗi ne. A'a. Ku da ku ke karanta Arba'una ta Nawawi, ku koma hadisi na 26, ku ga yadda aka lissafa taimakon mutum a kan kayansa da kawar da cuta daga hanya cikin sadaka, ku koma na 36 a kan yaye baƙin ciki da rufin asiri. Ga kaɗan daga ƙofofin da su ke buɗe gare mu a nan.

Na ɗaya, littafin bashi. Kowane mai shago a lungu, kowace mai sayar da garin tuwo, kowane mai kantin magani yana da shi. Je ka lokacin da ba kowa, ka ce ya duba wanda bashinsa ya daɗe, ka biya gwargwadon ikonka, ka sa ya ja layi a gabanka, ka ɗauki alkawarinsa kada ya faɗa. In za ka iya, kada ma ka tambayi sunan mai bashin.

Na biyu, ruwa. Iyayenmu su kan ajiye randa da moɗa a ƙofar gida domin mai wucewa, ba a rubuta sunan kowa a jikinta. Ka biya mai kura kuɗin jarka biyu ya riƙa zuba wa tsohuwar da ba ta da ɗa, ya ce mata an biya. In famfon unguwa ya lalace, ka kira mai gyara ka sallame shi, ba sai an kafa allo ba.

Na uku, asibiti. Wanda ya ke da lafiya ya je Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, likita ya auna shi, ya ba da jini. Ban san sadakar da ta fi wannan ɓoyuwa ba, domin jininka zai shiga jikin wanda ba ka taɓa gani ba, mai naƙuda ce ko wanda mota ta buge, Bahaushe ne ko Ibo, shi ma ba zai san ka ba.

Na huɗu, gidan yari. A Kurmawa da Goron Dutse akwai waɗanda tara kaɗan ko bashi kaɗan ya tsare su. A bi ta hannun amintaccen da ya san hanyar shari'a a biya, mutum ya koma ga 'ya'yansa.

Na biyar, baƙo. Tashoshin mota na wannan yanki kullum suna sauke wanda guzurinsa ya ƙare ko aka yanke masa aljihu. Ka biya mai abinci ta zuba masa, ka biya kuɗin mota a hannun mai yankan tikiti, ka wuce abinka.

Na shida naku ne, ya ku almajirai, ku da ba ku da ko kwabo. Kafin asuba ka share ƙofar gidan maƙwabci tare da ta makaranta. Kafin damina ku yashe kwatar layi, ku kwashe ledojin da su ke toshe ta. Ka ga ƙusa ko fasasshiyar kwalba a hanya ka kawar. Ka samu abinci ya wadace ka, ƙaramin da bai samu ba ka zuba masa a kwanonsa yana wajen alwala. Ka wanke allon ɗan'uwanka marar lafiya, ka cika masa buta. Wanda ya saba ɓoye ƙaramin alheri yana ƙolo, in ya girma ya samu ba zai nemi mai hoto ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. 'Yan kasuwarmu masu zuwa sari Istambul, in sun duba kusa da waɗansu tsofaffin masallatai na zamanin daular Usmaniyya, za su ga dutse a tsaye mai rami a kansa. Dutsen sadaka ne. Mai hali ya kan sa kuɗi a ramin da duhu, mabukaci ya zo ya ɗauki abin da ya ishe shi, babu wanda ya ga wani.

Fasali na biyar, a kan iyakoki da amsar masu tambaya

Wani malami ya ce mini, in kowa ya ɓoye, da wa za a yi koyi? Magana ce mai kyau. Bayyanawa tana da wurinta, aya ta 274 ta yabi masu ciyarwa a ɓoye da a bayyane. Malamai da yawa sun ce zakkar farilla bayyana ta ya fi, don a kore tuhuma a kuma raya rukuni, sadakar nafila kuwa ɓoye ta ya fi. In ana tara kuɗin gina makaranta ko haƙa rijiya, babba ya fara a fili don na baya su bi, babu laifi in zuciya ta tsarkaka. Amma ko a nan, abin da a ke bayyanawa aikin ne, ba fuskar matalauci ba.

Wani ya ce, ya halatta a ba wanda ba Musulmi ba? Zakka tana da mutanenta takwas da aka ƙayyade a Suratut Tauba, aya ta 60, ba a tsallake su. Amma sadakar nafila da kyauta da taimako ƙofarsu a buɗe ta ke, ku duba Mumtahana aya ta 8 a kan kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba. Kada kuma ka mai da alherinka ƙugiya. Yunwa ka gani, yunwa za ka kashe. Shiriya a hannun Allah ta ke.

Sa'an nan ga gargaɗi gare mu, mu 'yan jam'iyya da masu riƙe da asusun masallatai. Kada wani ya fake da wannan wa'azi ya ɓoye lissafin kuɗin jama'a ya ce sadakar ɓoye ce. Abin aljihunka shi ka ke ɓoyewa. Abin da mutane suka ba ka amana, tilas a karanta nawa ya shigo, nawa ya fita, shaidu biyu su gani. A rufe sunan mai karɓa, a buɗe littafin mai riƙo. Wanda ya juya wannan, ya tona matalauci ya rufe asusu, ya haɗa zunubi biyu.

Kuma a yi da hankali. Garin nan ya ga tashin bom, har a tashar New Road ta Sabon Gari a watan Maris na 2013, saboda haka kada ka ajiye ƙunshi a tasha ko ƙofar coci ko masallaci ka gudu, ka tsorata bayin Allah. Kada ka yi sanɗa a bayan gidan mutum da tsakar dare 'yan sintiri su kama ka a kan sata. Kada namiji ya riƙa aike a ɓoye ga matar da mijinta ba ya nan, ya jawo mata zargi; ya bi ta hannun iyalinsa ko wata dattijuwa. In ka aika kuɗi ta banki sunanka zai fito, to ka ba amintacce ya kai. Kai kuma ɗan aike, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In an matsa maka kada ka yi ƙarya, ka ce an ɗauki alkawarina, shi ke nan.

Abu na ƙarshe shi ya fi wuya. Bayan ka ɓoye wa mutane, sai ka ɓoye wa harshenka. Shaiɗan ba ya gajiya. In ya kasa hana ka bayarwa, sai ya jira shekara guda, ranar da wanda ka taimaka ya ɓata maka rai, ya ce maka, faɗa masa wa ya biya masa bashi. In ka faɗa, ka kwashe aikinka daga littafin ɓoye ka kai na bayyane, daga nan ka kai shi na gori, ya ƙone.

Rufewa

Zan cika da labarin malamina, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa. Ba zan faɗi sunansa ba don shi bai so ba. Lokacin fitinar 1991 ina yaro ƙolo a makarantarsa a nan Fagge. Kwana uku ya hana mu fita ko ƙofa, ya ce duk wanda ya bi masu gudu da sanduna ba shi ba makarantarsa. Akwai wani ɗaki a can ƙurya inda a ke ajiye alluna da buhunan hatsi. Safe da yamma ya kan ba ni kwano ya ce, kai ƙofar ɗakin nan ka ajiye, baƙi ne, kada ka yi surutu. Na ji kukan jariri sau ɗaya, aka yi maza aka rufe masa baki. Rana ta huɗu da asuba ɗakin ya zama wayam. Malam bai sake ta da maganar ba, ko ga manyan gardawansa, har ya koma ga Ubangijinsa. Ranar sadakar uku sai ga wani dattijo Kirista daga Sabon Gari da wani saurayi dogo, suka zauna a gefen tabarma. Dattijon ya ce, ni da matata da wannan yaron mu ne baƙin ɗakin alluna. Ya hana ni faɗa yana da rai, yau kuwa ba shi da ikon hana ni. Zauren nan duka aka yi ta kuka.

Ya ku 'yan'uwa, Malam ba shi kaɗai ba ne. A kowace fitina da aka yi a garin nan, ta wannan gefe da ta wancan, akwai waɗanda suka buɗe ƙofa suka ɓoye maƙwabci, ba a rubuta sunayensu ba. Masu ƙone-ƙone an ji labarinsu, masu rufin asiri Allah ya san su. Da irinsu gari ya ke tsaye.

Saboda haka ina roƙonku abu ɗaya. Kafin Juma'a mai zuwa kowa ya yi alheri guda wanda babu mai sani sai Allah, in da hali ya yi shi ga wanda ba danginsa ba, ba yarensa ba. Kada ka zo ka faɗa mini, ba ni son ji. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ya Allah ka tsarkake niyyoyinmu daga riya, ka tsare harsunanmu daga gori. Ka rufa asirin wanda ya rufa asirin wani. Ka saka wa wanda ya biya mini bashi da abin da ka san ya fi bukata. Ka jiƙan Baba maɗinki, ka sa ya yafe mini. Ka zaunar da Fagge da Sabon Gari da Kano da ƙasarmu baki ɗaya lafiya. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure daga gare ni ne, malamai su gyara.

Ya cika da godiyar Allah. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Wassalamu.